Tukunya Mai Ido Biyu

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse. Mujahid yana zaune a shagonsa na gyaran waya da tura finafinai, sai wata budurwa ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofa. Hijabinta ruwan toka ne, ya sha wanki har ya koɗe. Ba ta shigo ba sai da samarin da suka cika benci suka muskuta suka ba ta hanya.

"Fim nika so a sa min," ta ce, ta miƙo wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi.

Mujahid ya ɗago kai, ya ga idanu manya masu kama da na wani da ya sani, amma ya kasa tuna ko wane ne. Ya karɓi wayar yana juya ta a hannu don dai ya samu abin yi.

"Na Indiya ko na Kano?"

"Baƙon Sama."

Shagon ya kaure da dariya. Wani ɗan acaba ya toshe hanci ya maƙe murya ya ce, "Ku mutanen ƙasa, ina aka sai da mai?" Sauran suka amsa masa baki ɗaya, "Sai Gusau." Ita kaɗai ce ba ta yi ko murmushi ba.

Bari in gaya muku abin da ake kira Baƙon Sama, don wanda bai zauna tsakanin Mafara da Bakura da Maradun ba zai ɗauka wani abin kirki ne. Shekara uku da suka wuce Mujahid ya ari waya mai kyamara, ya hau mashin shi da abokinsa Tukur, suka wuce Faru suka shiga wani ƙauye da ake kira Tungar Nagode, garin su Tukur ɗin. Can suka yi kwana shida suna ɗaukar fim. Labarin wata halitta ce daga wata duniya, mai ya ƙare wa jirginta a sama, ta faɗo gonar gero, ta shiga gari tana neman mai gida gida, har aka ba ta fura ta sha ta ce ita kam ta fasa komawa.

Jirgin, kwanonin sha guda biyu ne aka kifa wa juna aka rataya a gora, zaren kuma ana ganinsa ƙiri-ƙiri. Baƙon kuwa Tukur ne, sanye da buhun taki, ya kifa tukunyar alminiyam ta mahaifiyarsa a ka, an huda mata ido biyu da ƙusa. Tun daga farkon fim har ƙarshe ba a ga fuskarsa ba. A daidai wurin da aka shirya don masu kallo su yi kuka, jaki ya shigo ya tsaya a gaban kyamara ya yi nasa kukan.

Mujahid ya kai shi Gusau wurin wani mai sayar da finafinai. Mutumin ya kalli minti biyar ya ce, "Ɗana, kana da wata sana'a?" Amma abin da kasuwa ta ƙi, wayoyi suka karɓa. Daga wannan aljihu zuwa wancan, fim ya zagaye tasha da majalisa da teburin mai shayi. Har ƙa'ida suka yi masa: in zare ya bayyana a tafa, in jaki ya shigo a miƙe tsaye a ce, "Ga darakta nan." Akwai waɗanda suka kalle shi fiye da sau ɗari, kuma ko ka ɗaure su ba za su iya gaya maka dalili ba.

Sai kuma abin da ba a yi wa dariya. Shekara guda bayan fim, da kaka, 'yan bindiga suka shiga Tungar Nagode da hantsi. Suka kora shanu, suka sa wa rumbuna da ɗakuna wuta, suka kashe mutum goma sha ɗaya. Tukur na cikinsu. Waɗanda suka tsira suka watse, wasu Mafara, wasu Bakura, kowa ya raɓa inda ya samu. Tun daga ranar Mujahid bai sake ɗaga kyamara ba. Shi dai fim bai san an mutu ba, ya ci gaba da yawonsa.

Da ya gama tura mata, budurwar ta ce, "Don Allah kai min minti na goma sha bakwai."

Ya kai. Baƙon sama yana tsaye yana tambayar wata tsohuwa mai, a bayansa kuma can nesa akwai ƙofar ɗaki mai shuɗin labule, wata mace tana daka.

"Tsaya nan."

Ya tsayar. Ta daɗe tana kallo, har samarin suka ji kunyar kansu suka yi shiru.

"Ɗakin Innarmu ne," ta ce a hankali. "Turmin ga ma ya ƙone."

Mujahid ya ɗago ya dube ta. "Ke wace ce?"

"Kubura. Ƙanwar Tukur. Ina Birnin Tudu wurin gwaggona ina karatu sanda kunka yi fim ɗin."

Ta karɓi wayarta ta fita. Shi kuwa ya zauna riƙe da sukudireba, ya manta wayar wa yake gyarawa.

Sai da ya kwana biyu yana rubutawa yana gogewa kafin ya tura saƙo ga lambar da ya gani a wayarta. Na san ba daidai ba ne, shi ma ya sani, amma ya tura.

"Assalamu alaikum. Mujahid ne mai shago. Ki gafarce ni da na ɗauki lambarki ba izini. Fim ɗin ya buɗe lafiya?"

Amsa ba ta zo ba sai washegari.

"Ya buɗe. Inna ta kalla sau uku a ɓoye. Ta yi dariya wurin jaki, sannan ta yi kuka. Mun gode, Darakta."

"Wane daraktan? Ni ko jakin?"

"Wanda ya fi iya aiki a cikinku."

Mujahid ya yi dariya shi kaɗai a shago, irin wadda ya yi shekara biyu bai yi ba. Daga nan sunan ya zauna. Ita tana ce masa Darakta, shi yana ce mata Tauraruwa. Duk Talata takan kawo hulunan da ta ɗinka ta kai wa wani dillali a kasuwa, kuma abin mamaki, wayar nan tata kullum sai ta samu wata matsala a ranar. Shi kuma, da yake gwani ne, bai taɓa gama gyaran cikin ƙasa da rabin awa ba.

A kan bencin nan ya san halin da suke ciki. Wani attajiri ne ya ba su ɗaki biyu a bayan gidansa, a ƙarshen gari. Mahaifinta, Malam Wahabu, wanda a da yake da gona uku da shanun huɗa, yanzu ƙwadago yake yi a gonakin shinkafar Bakolori. Ya daina hira, ya daina dariya.

"Shi ya aiki Yaya Tukur," Kubura ta ce wata rana, idonta a ƙasa. "Sun riga sun hita gari, sun tsira. Sai Baba ya tuna shanun huɗa suna ɗaure. Yac ce ma Yaya Tukur shi koma shi kwance su. Yaya ya tsaya neman takalmi nai, Baba ya daka mai tsawa, yac ce, 'Kai dai kullum wasa, ba ka taɓa yin abin kirki ba.' Maganarsu ta ƙarshe ke nan."

Ta gyara hijabinta ta ci gaba.

"Da anka koma yin jana'iza, Baba ya dawo da wani buhu ɗaure. Shina ƙarƙashin gado nai har yau, ba wanda ya isa shi taɓa. Ko hoton Yaya ɗaya ba mu da shi, Darakta, dut sun ƙone. Har na hwara manta yadda hancinshi yake. Murya tai kawai ta rage, cikin tukunya."

Ranar da daddare kuwa ba ni da labarin abin da ya yi, amma da safe ta tarar da saƙo.

"Tauraruwa, ba ni da mota, ba ni da gona, fim ɗaya na taɓa yi kuma jaki ya fi ni suna a cikinsa. Amma ina sonki, so na aure. In kin yarda zan turo Kawu Jatau wurin Baba."

"Na yarda. Amma ka yi addu'a tukuna, don Baba ko sunan fim ɗin ba ya son ji."

Ashe akwai mai kallonsu. Sulaiman, ɗan mai gidan da ya ba su masauki, ya daɗe yana kai wa Inna shinkafa da sunan taimako, idonsa kuma ba kan Inna yake ba. Ba mugu ba ne can can, mutum ne dai da ya saba in ya miƙa hannu a ba shi. Da ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya samu Malam Wahabu a ƙofar gida ya nuna masa wani guntun bidiyo da ke yawo a lokacin. Wani ne ya yanko wurin da baƙon sama ya faɗa kwata, ya sa masa kiɗa da muryar dariya, yana maimaitawa.

"Ka gani, Baba? Ɗanka na kabari, mai shagon ga na cin kasuwa da shi."

Bai yi ƙarya duka ba, bai kuma faɗi gaskiya duka ba, don ba Mujahid ne ya yanka ba. Amma maganar ta shiga gidan, har Kubura ta kwana uku ba ta amsa saƙo ba. Sai a na huɗu ta rubuto.

"Ka rantse ba kai ne ka yanko bidiyon nan ba."

"Wallahi ba ni ba ne. Tun da ya rasu ko katin da na ɗauki fim ɗin a kai ban iya buɗewa ba. Yana cikin gwangwanin madara a ɗakina."

"Na yarda da kai. Saura Baba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Mujahid da kawunsa Jatau suka yi sallama a ƙofar Malam Wahabu. Ya shimfiɗa musu tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi iyali da aiki da ruwa da gajiya, aka sake komawa kan gida. Kawu Jatau ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo su.

Malam Wahabu bai dubi kawun ba. Mujahid ya duba.

"Na gane ka. Kai ne kas sa ma ɗana tukunya a kai."

"Ni ne, Baba."

"Yaron ga ya sauke Alƙur'ani. Shi kaɗai shina noma abin da mutum uku ka nomawa. Amma yau in anka ce Tukur, sai yara su toshe hanci. Ran nan na bi ta tasha, naj ji muryar ɗana cikin aljihun wani ƙato, ana ta dariya. Na tsaya awa wanda anka kafe. Ka san yadda wannan yake?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ba ka sani ba." Ya gyara zama. "Ba ni hana ɗiyata miji don son raina. Amma ga sharaɗina. Na san ba ka iya shiga aljihun mutane. Abin da ke hannunka dai, uwar fim ɗin, ka kawo min in ƙone ta da hannuna. Ka daina tura shi a shagonka. Kuma ka rantse min ba ka kwafe shi ka aje wani wuri ba."

Kawu Jatau ya taɓa ƙafar Mujahid alamar ya dakata, amma bakin ya riga ya buɗe.

"Na rantse, Baba."

Kafin ya isa gida saƙon Kubura ya riga shi, don ta ji komai ta bayan zana.

"Ka rantse? Na wayoyin mutane duk sun dushe, an tura an tura har muryar ta koma kamar ta rediyo mai ciwo. Wanda ke hannunka ne kaɗai muryarsa take tsaf. In ka ba Baba ya ƙone, ka sake binne min shi. Ban san yadda zan zauna da kai ba bayan haka."

Ya karanta ya sake karantawa. Gaba kura, baya sayaki. In ya hana, ya rasa uban. In ya bayar, ya rasa 'yar. Shaiɗan kuma bai yi nisa ba, ya raɗa masa cewa kwafa minti biyu ne, wa zai sani? Mujahid ya zauna a bakin katifa da gwangwanin madara a hannu, ya daɗe. Shi da kansa ya ce min bai taɓa jin tsoron kansa kamar ranar ba.

Bai kwafa ba. Amma ya ce bari ya yi wa abokinsa kallon bankwana, ya sa katin a waya.

A can ƙasa, bayan duk guntayen da ya sani, akwai wani dogo mai minti arba'in da uku. Ya tuna shi. A rana ta biyu ta ɗaukar fim, da yake sabon shiga ne, ya ɗauka in ka ajiye waya ta daina ɗauka da kanta. Ya jingine ta a jikin rumbu ya tafi cin abinci. Da ya zo haɗa fim ya ga hoton a karkace, kaji suna wucewa, sai ya tsallake bai kalla ba. Yanzu ya bar shi yana tafiya. A minti na tara ya dafe baki.

Washegari da hantsi ya samu Malam Wahabu yana shirin tafiya gona. Ya durƙusa ya miƙa masa katin a cikin 'yar takarda.

"Ga shi, Baba. Ban kwafa ba, Allah shina gani. Amma amana ce in hwaɗa maka: akwai wani abu ciki da ni ma ban san da shi ba sai jiya. Huskar Tukur ce, ba tukunya. Ba wanda ya taɓa gani sai ni. Naka ne. In ka ƙone, ba ni cewa komi."

Tsohon ya karɓa, ya dubi ɗan abin da bai kai farce ba, ya jefa a aljihun gaba ya ɗauki fartanyarsa ya wuce.

Kwana tara ba labari. Mujahid ya daina tura Baƙon Sama, masoyan fim suka yi ta yi masa tsiya, wasu har suka ƙaurace wa bencinsa. Talata ta zo ta wuce, wayar Kubura ba ta lalace ba. Ya tura mata saƙo ɗaya tak.

"Na ba shi. Ki yafe min. Na gwammace in rasa ki da in aure ki a kan rantsuwar ƙarya."

Ba ta amsa ba. Ita ce daga baya ta ba da labarin abin da ya faru a gidan. Kullum in Inna ta hura wuta, Malam Wahabu sai ya zo ya tsaya a kan murhu da hannu a aljihu, ya yi tsaye har tuwo ya nuna, sannan ya koma. A rana ta tara bayan azahar ya kira ta.

"Kubura, abin ga, ya aka sa shi cikin waya?"

Suka zauna su uku a ɗaki, wayar mai tsagaggen gilashi jingine da kwano. Hoton a karkace yake. Ga gindin rumbu, ga kaji, ga inuwar darbejiyar tsakar gidansu. Inna ta fara kiran sunayen abubuwa a hankali kamar mai ƙirga 'ya'ya. Sai buhun taki ya shigo, ya zauna a kan turmi, hannu biyu suka ɗaga tukunya.

Ga Tukur. Gumi ya jiƙa masa kai, tukunyar ta bar masa layi a goshi, yana haki yana murmushi shi kaɗai. Hancin nan da Kubura ta fara mantawa, ashe irin nata ne sak.

Can sai aka ji sallama a cikin wayar, wani mutum ya shigo da fartanya a kafaɗa, mai ƙiba fiye da wanda ke zaune yana kallo.

"Kai, tukunyar uwarka ce kunka huda?"

"Baba, jirgi ya hwaɗi, dole a yi sadaukarwa."

Mutumin cikin wayar ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ya fashe da dariya har ya dafa rumbu, hoton ya girgiza. Sannan ya ce, "Maida ta in gani." Tukur ya kifa, tukunyar ta zame gefe. Mutumin ya ajiye fartanya, ya laluba aljihu ya ciro igiyar rama, ya zura ta a hannuwan tukunyar, ya ɗaure ta a ƙarƙashin haɓar ɗansa, a hankali, yana gwadawa da yatsa kada ta shaƙe shi.

"Tsaya mana. Kar ta hwaɗi ka ji kunya gaban mutane." Ya ƙwanƙwasa saman tukunyar sau biyu. "To, tai ka yi shirmenka. Yaron kirki. Allah shi yi ma albarka."

Daga cikin tukunya murya ta ce, "Amin, ya mutumin ƙasa."

Malam Wahabu ya ce, "Maido baya." Kubura ta mayar. Ya sake cewa ta mayar. A karo na huɗu ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, kukan da bai yi a bakin kabari ba ya zo masa gaba ɗaya.

"Ashe na sa mai albarka," yake ta faɗa wa Inna. "Hadiza, kin ji? Ashe na hwaɗa mai. Shekara biyu ina nema cikin kaina ko sau ɗaya na taɓa hwaɗa mai, ban samu ba."

Da la'asar saƙo ya shigo wayar Mujahid yana tsakiyar ɗaure wata waya.

"Darakta, Baba ya ce ka gaya wa Kawu Jatau ya dawo, ya zo da goro. Ya ce kuma in tambaye ka ko ana iya wanke hoto daga cikin bidiyo. Ni kuma na ce in gaya maka wayata ta lalace."

Sulaiman ya ji labari, ya daina kai shinkafa, ya kwana biyu yana tsuke fuska, daga baya ya samu wata a Bakura. Allah ya ba su zaman lafiya, ba ni da abin cewa a kansa.

An ɗaura aure bayan sallar layya, a ƙofar gidan aro, ba a Tungar Nagode ba. Har yau ba wanda ya koma can, ciyawa ta cinye inda ɗakunan suke. Dangin da ke wajen Faru ma ba su samu zuwa ba, don a makon hanya ba ta biyuwa, sai waya suka yi ta bugowa. Amma wurin bai yi kunya ba. 'Yan acaba da masu shayi da 'yan tasha suka cika layin, duk waɗanda suka haddace fim ɗin. Da aka shafa fatiha wani ya fara toshe hanci, na kusa da shi ya taka masa ƙafa, ya sauke hannu.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta ta durƙusa tana kuka a cikin mayafi. Ya sa aka kira ango ma, abin da ba a saba ba. A bangon ɗakin akwai sabon hoto a cikin gilashi, ɗan karkatacce, na wani saurayi mai layi a goshi yana murmushi.

Malam Wahabu ya sunkuya ya jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado, ya kwance. Tukunya ce, wuta ta baƙanta gefe ɗaya, ta lotsa, ga ido biyu da aka huda da ƙusa. Guntun igiyar rama yana nan a hannunta.

"Cikin toka na tsince ta," ya ce. "Ban san mi ya sa na ɗauko ba. Na ɗauka don ƙiyayya ne." Ya miƙa wa Inna. "A sa ta saman jeren ɗiyata."

Gwaggon Kubura ta Birnin Tudu ta riƙe baki. "Malam, tukunya mai huda cikin kayan amarya? Mi mutane za su ce?"

"Su yi dariya. Don haka yay yi ta."

Ya juya wurin Mujahid, ya dube shi sama da ƙasa. "Na kalli fim ɗin naka, daga farko har ƙarshe. Ka ci gaba da tura shi. Amma gaskiya ɗaya ce, jakin ga ya hi ka iya aiki."

Dariya ta ƙwace wa Kubura a tsakiyar kuka, Inna ta juya baya tana share ido da gefen zane. Mujahid ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka kowa ka cewa, Baba."

Sai tsohon ya ɗora hannun dama a kan 'yarsa, na hagu a kan surukinsa.

"Allah shi yi maku albarka. Allah shi yi maku albarka. Allah shi yi maku albarka."

Da ƙarfi ya faɗa, har na ƙofar gida suka ji suka amsa da amin, don wannan karon ba ya so ya wayi gari yana neman ko ya faɗa.